Sikelin banɗaki ya mai da ni maƙaryaciya a gidana

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina cizon yatsa. Yau kwana tara ke nan ba abin da ke haɗa ni da maigidana sai gaisuwa, ita ma a daƙile. Akwatina na sauko da shi daga saman kabad, yana nan bayan ƙofa. Shekara goma sha bakwai muna tare ban taɓa kwana a wani gida da fushi ba, yau kuma abin da ke neman fitar da ni, in na faɗa miki sai kin yi dariya: sikeli ne. Wani farantin gilashi mai ƙarafa huɗu da ke shimfiɗe a banɗakinmu, tsakanin bokiti da kwandon wanki.

Ni tela ce, shagona a ɗakin gaban gidanmu yake, 'ya'yanmu uku. Baban yara kuwa ma'auni ne a wani babban sito, shi ke auna motoci in sun shigo da kaya, ya sake auna su in za su fita. Shekara ashirin yana wannan aiki, kuma yana da wata magana da ya mayar kamar wuridi: mutum yana ƙarya, sikeli ba ya ƙarya. Da can in ya dawo yana ba ni labarin direbobin da ya kama sun sauke buhu a hanya, dariya nake yi ina yaba masa. Ban san wata rana ni ce zan zama direban ba.

Wata uku da 'yan kwanaki da suka wuce na je asibiti saboda yawan kasala, aka auna jinina, likita ta ce sugana yana bakin iyaka, in ban rage jiki ba zai tsallaka. Da na faɗa masa sai da ya zauna a bakin gado. Mahaifiyarsa ciwon suga ne ajalinta, sai da aka yanke mata ƙafa, shi ne kuma ya riƙa goya ta zuwa banɗaki har ta cika. Na san wannan, a gabana aka yi, ni na wanke mata gyambon da hannuna. Saboda haka da ya shigo da sikelin nan a kwali washegari, murna na yi. Ya ce wannan ba irin na da ba ne, wannan yana faɗin nauyi, yana faɗin yawan kitsen da ke jikin mutum kashi nawa ne cikin ɗari. Ya haɗa shi da wayarsa. Wai don ya riƙa ƙarfafa mini gwiwa.

Ranar farko kilo casa'in da biyu, kitse kashi arba'in da ɗaya. Na ce to, bismillah. Na bar lemon kwalba, na bar suga a shayi, burodi sai dai in yanka wa yara in wanke hannu. Shinkafar da nake zubawa kaina yanzu ko kyanwa aka ba sai ta yi ƙorafi. Kullum da safe ina zagaye filin makarantar da ke bayan layinmu sau shida, ni da gwiwata ke ƙara in na tashi daga kan keken ɗinki. In na dawo, kafin in sa ko ɗigon ruwa a bakina, sai in shiga in hau sikelin, don kada ruwan ya ƙara mini nauyi. Ina sauka lambar ta riga ni isa wayarsa a wurin aiki. Ba a minti biyar saƙo zai shigo: hoton lambar, ya zagaye ta da ja. Babu sallama, babu sannu.

Nauyi dai ya sauka, yanzu kilo tamanin da biyar nake. Amma lambar kitsen, Anti, kamar wadda aka yi wa baki. Litinin arba'in da biyu, Talata arba'in da biyar, Laraba arba'in da uku, ta dai ƙi komawa inda ta fara, balle ta sauka. Na ce masa wane irin kitse ne ke zuwa Talata ya tafi Laraba kamar ɗan kasuwa? Ya ce na'ura ba ta san zolaya ba. Ya zauna ya yi mini lissafinsa na sito: tunda nauyi ya ragu kitse ya ƙaru, to nama nake zubarwa ina tara maiƙo, kuma maiƙo ba daga iska yake shiga ba. Ma'ana ina ci a ɓoye. Bai faɗa da baki ba a ranar, amma na ga idonsa ya bi ta kan kwandon shara.

Shi fa da tumbinsa da ke riga shi shiga ɗaki, in ya fito wanka da yamma ya hau, sai abin ya ce kashi ashirin da biyu. Ya fito yana shafa ciki yana murmushi kamar wanda ya ci jarrabawa. Ni ma wata rana na gwada bayan wanka, sai ga arba'in cif. Na kai masa da gudu kamar yarinya, sai ya ce ai na jiƙa ƙafa ne don in cuci na'ura, irin yadda ake jiƙa buhu don ya yi nauyi. Ni ce ake kwatantawa da buhu.

Na nuna masa siket ɗina baƙi, wanda na rage wa ƙugu har sau biyu, inci uku da rabi, ga tsohon layin ɗinkin nan a ciki kowa yana gani. Ya ce yadi yana saki. Shekara ashirin da biyu tef yana rataye a wuyana, na auna ƙugun matan da ban san iyakarsu ba, yau mai auna tirela ne zai koya mini wane yadi ke saki. Kwastomomina ma suna cewa na faɗa, wata har ta tambaye ni ko lafiya. Shi da muke kwana ɗaki ɗaya bai gani ba, saboda idonsa yana kan waya.

Abin da ya kai tura bango shi ne zuwan yayarsa. Ta zo yini, muna falo, ga babbar 'yata tana ninke kaya, ga wata mata tana jiran in gwada mata riga. Na kawo musu abinci na zauna da ɗan kokwambana, Yaya ta ce sannu da ƙoƙari. Sai kawai ya zaro waya ya miƙa mata, wai ta duba ƙoƙarin da kyau. Ta sa tabarau ta bi layin lambar kitsen mai hawa, ta taɓe baki ta ce ai masu zaman keke bakinsu ba ya hutawa, a durowa suke ajiyewa. Duk suka juya suka kalli ƙofar shagona. Matar da ta zo gwaji ta sunkuyar da kai tana wasa da zif ɗin jakarta. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

To a nan ne zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Gaskiya ne akwai durowa a jikin teburin kekena da nake kullewa, makullin yana ɗaure a bakin tef ɗina. Amma ba biskit ba ne a ciki, ba alewa ba. Shayin rage ƙiba ne. Wata kwastoma ce ke sayarwa, ta ce yana narkar da kitse ya fita ta fitsari. Da na ga lambar ta ƙi sauka sai na karɓa, yau wata biyu ina sha safe da rana. Yana kai ni banɗaki sau bakwai, sau takwas a yini. Na kuma rage shan ruwa, don ta ce ruwa yana kumbura jiki. Tun da na fara shi lambar ma sai ta ƙara hawa, na ninka shayin, ta sake hawa. Leɓena ya bushe, dugadugaina sun yi kaushi har suna kama zanen gado. Mako biyu da suka wuce jiri ya ɗebe ni ina kan ɗinki, allura ta shige mini ɗan yatsa ta fito ta farce. Na ce masa kuskure ne. Na ɓoye shayin ne don na san halinsa, zai ce na bar maganar likita na bi ta 'yan talla, kuma ba zan iya jure ya yi gaskiya a kaina sau biyu ba.

Bayan tafiyar Yaya ya tsaya a ƙofar shago ya ce in ba shi makullin. Na ce ba zan bayar ba. Ya ce to in rantse. Na ɗaga hannu na rantse da Allah wanda raina ke hannunSa cewa wata uku ban sa wani abu mai zaƙi a bakina ba. Anti, ina cikin rantsuwar ya ɗauko waya ya duba. Duba lambar kawai ya yi ya mayar aljihu. Wannan dubawar ce ta sa na sauko da akwati. Zagi ma da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ki gaya mini. Sikelin nan gaskiya yake faɗa, jikina ne ya zama na daban da yake mai da yunwa kitse? Ko in ɗauki taɓarya in yi masa raga-raga kowa ya huta? Ko in tafi gidan yayana in bar shi ya auri wayarsa? Ina son mijina, na san tsoro ne ke cinsa, amma ba zan zauna da mutumin da ya ɗora rantsuwata a sikeli ya ga ba ta kai nauyin gilashi ba.

Taki,
Telar da aka ƙaryata

*

'Yar'uwa tela,

Ki mayar da akwatin saman kabad, ki ajiye taɓarya. Shayin nan kuma ki daina shi yau, ba gobe ba, ki tashi ki sha ruwa kafin ki ƙarasa karanta amsata. Na ji haushin wasiƙarki ƙwarai, kuma haushin nawa ya rabu uku: kaso ɗaya na sikelin, babban kaso na maigidanki, ke ma akwai naki.

Mu fara da sikeli, tunda shi aka naɗa alƙali. Na ɗauki wasiƙarki, ba tare da na ce ta wace ce ba, na kai wa wata aminiyata ma'aikaciyar jinya mai kula da masu ciwon suga, ta kuma tabbatar mini da abin da na sani. Lambobi biyu abin nan yake bayarwa, kuma ba uwarsu ɗaya ba. Nauyi aunawa yake yi, wannan kam a kan daɓe mai kyau ana iya yarda da shi. Kitse kuwa ba ya auna shi, ƙiyasi yake yi. Yana tura wata 'yar wutar lantarki da ba a jin ta daga tafin ƙafa ɗaya, ta bi ta jiki ta sauko ta ɗayan, ya duba wahalar da ta sha a hanya. Ruwan jiki yana ba ta hanya, kitse yana tare ta. Daga nan sai ya haɗa da tsawo da shekaru da jinsin da aka rubuta masa, ya yi lissafi ya fito da lamba. Don haka in jiki ya bushe, wutar za ta sha wahala, shi kuma sai ya rubuta wahalar da sunan kitse. Lokacin da aka hau, da abin da aka ci, da zufar da aka yi, da bushewar tafin ƙafa, duk suna iya juya lambar. Ko an kiyaye komai, yana iya kauce wa gaskiyar jikin mutum da kashi da dama. Lissafin mace kuma daban yake da na namiji, ashirin da biyun da yake shafa wa ciki ba abin gwada ki ba ne.

Yanzu dubi yadda kike hawa. Kin zagaye fili sau shida kin yi zufa, kin hana kanki ruwa, kina shan abin da ke tatse ki sau takwas a yini, ga kaushi a dugadugai. Kin kai wa na'urar busasshen jiki, ita kuma ta kira shi kitse. Da kika ga haka kika ninka shayin, kika ƙara bushewa, ta ƙara hawa. Ba zan rantse miki cewa ba ki zubar da tsoka ko kaɗan ba, don yunwa mai tsanani tana cin nama, shi ya sa ma ban yarda da cin abincin kyanwar nan ba. Amma lambar da ke tsalle kashi uku tsakanin Litinin da Talata ba shaidar satar ci ba ce, ba kuma hujjar da za a ƙaryata ko yaro da ita ba.

Maigidanki ya yi kuskuren gwani. Da bai san sikeli ba, da ya yi shakka. Sanin da ya yi wa na sito ne ya sa ya ɗauka duk abin da ke da suna sikeli ɗan gidansu ne. Ki yi masa tambaya ɗaya, da harshen sana'arsa: a wurin aikinsu in ana shakkar ma'auni, ana ɗora masa ƙarfen gwaji da aka san nauyinsa, to da wane ƙarfe ya gwada lambar kitsen nan kafin ya yanke miki hukunci da ita? Sannan ya gwada da kansa. Ya hau da safe da busasshiyar ƙafa, ya hau bayan ya yi tafiya ya yi zufa, ya hau da yamma bayan wanka, duk a yini ɗaya, ya rubuta. Ma'aunin da ya ba shi amsa uku a kan mota ɗaya, da tuni ya sa an rufe shi.

Tsoronsa na gane shi. Wanda ya goya mahaifiyarsa mai ƙafa ɗaya ba zai ji kalmar suga ya yi barci mai daɗi ba, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya zabura. Amma tsoro bai ba shi izinin tona miki asiri a gaban yayarsa da 'yarki da baƙuwa ba. Jikinki ba kayan sito ba ne da za a riƙa aika masa rahoto kowace safiya. Abin da ya yi lokacin rantsuwarki kuwa laifi ne babba, kuma sai ya nemi gafara da bakinsa. Yadda ya nuna wa Yaya wayar a bainar jama'a, haka zai kira ta ya gyara maganar, 'yarku ma ta ji da kunnenta cewa uwarta ba ta yi ƙarya ba. Yarinyar tana kallo, tana koyon yadda ake yi wa jikin mace hisabi, wannan ma abin tsoro ne.

Sai ke. Rantsuwarki gaskiya ce, amma durowarki a kulle take. Mutumin ya shinshino akwai ɓoye, kuma akwai ɗin, abin da ke ciki ne kawai ya ɓata. Muddin makullin yana bakin tef ɗinki, kin bar masa wurin da zai zuba zarginsa. Kin ce ba za ki jure ya yi gaskiya a kanki sau biyu ba. A kan satar ci bai yi gaskiya ko sau ɗaya ba, a kan shayin kuwa zai yi, ki haƙura ki haɗiye. Mace mai suga a bakin iyaka tana shan abin da ba ta san me aka zuba a ciki ba, tana hana kanta ruwa har jiri ya kai allura cikin farcenta, wannan garin gyaran gira ne za a rasa ido. Wadda ta sayar miki kuwa, ki ɗinka mata kayanta in ta kawo, amma kada ki sake karɓar shawarar lafiya a hannunta.

Ga abin da nake so ki yi a makon nan. Ki koma wurin likitarki da kwalin shayin a jaka, ki faɗa mata yawan da kika sha da jirin da kika yi, a sake auna jininki, ta tsara miki abincin da za ki ƙoshi. Awon jinin nan shi ne alƙalin maganar, ba gilashin banɗaki ba. Ki ce wa maigida ya raka ki ya ji da kunnensa. A cire sikelin daga wayarsa. In kina son ci gaba da hawa, sau ɗaya a mako ya isa, rana ɗaya, lokaci ɗaya, ki dubi nauyi ki kau da kai daga ɗayar lambar.

Kafin duk wannan, ki zaɓi lokacin da yara ba sa nan, ki kira shi shago. Ki kwance makullin ki sa masa a tafin hannu, ya buɗe durowar da kansa ya ga irin abin da tsoronsa da jan zanensa suka kai ki ga sha. Sannan ki juya masa cikin baƙin siket ɗin nan, ki cire tef daga wuyanki ki miƙa masa, ya auna daga tsohon layin ɗinki zuwa sabo, ya zagaya ƙugunki ya karanta da bakinsa. Ma'auni ne, ba zai iya musun inci uku da rabi da hannunsa ya auna ba. In ya gama, ki gaya masa abin da kika gaya mini, cewa ba lambar ce ta sauko da akwatinki ba, dubawar da ya yi wa waya ce kina tsakiyar ambaton Allah. In bayan haka ya ƙi sauraro, to a sa yayanki da wani babba nasa a zauna, amma ban zaci za a kai nan ba.

Kilo bakwai a wata uku, da gwiwa mai ƙara, ba wasa ba ne. Tunda ba wanda ya faɗa miki a gidan, ni na faɗa: sannu da ƙoƙari. Allah Ya ba ki lafiya, Ya warkar da yatsan, Ya sa ranar da za ki sake yi masa magana mai nauyi, fuskarki zai kalla.

Antinku